Tirilobait na Alnif da Erfoud: wanne ya ci kuɗinsa, wanne ne roba da fenti

A kudu maso gabashin Maroko, daga Erfoud zuwa Rissani, da kuma hanyar da ta yi yamma zuwa Alnif, ana jera duwatsu a kan tebura a bakin titi kamar yadda ake jera rake da dankali. Rissani ita ce ke kusa da kufan Sijilmasa, inda ayarin raƙuma ke tashi a da su ƙetare Sahara. Yau cikin abubuwan da yankin ya yi suna da su, ban da dabino, akwai halittun teku da suka zama dutse, kuma sarkin kayan shi ne tirilobait. Daga shagunan nan ake cika kasuwannin duwatsu na Turai da Amurka, da shafukan sayarwa na intanet. Kayan suna da kyau ƙwarai, algus ɗin ma ya yi yawa ƙwarai, kuma sau da yawa a kan tebur guda za ka same su gefe da gefe.

Hukuncin a taƙaice shi ne wannan. Baƙaƙen tirilobait masu manyan ido na zamanin Debon, ɗaya daga tsoffin zamunnan da masana duwatsu suka raba tarihin duniya a kansu, su ne saye mafi aminci, musamman ga malamin makaranta ko ɗalibin ilimin duwatsu. Masu ƙayoyi suna da tsada da haɗari. Manyan nan rawaya masu faɗin faifai rabi dutse ne rabi ciko. Abin da zai raba maka su kuwa ba rantsuwar mai shago ba ce, sanin jikin dabbar ne.

Tirilobait dabbar teku ce daga dangin masu ɓawo da gaɓoɓi, dangin da ƙaguwa da kunama da jatan lande suke ciki. Ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ƙare shekara miliyan 252 baya, kuma an rubuta fiye da nau'i 20,000. Sunan yana nufin mai kashi uku, amma mutane da yawa suna kuskuren inda ukun suke. Idan ka ajiye ta kanta na kallon gaba, za ka ga kunya uku a tsaye kamar kunyoyin gona: tudu a tsakiya daga goshi har wutsiya, da faffaɗan gefe a dama da hagu. Waɗannan ne suka ba ta suna. Rabuwar kai da gangar jiki da wutsiya wani lissafi ne daban, a kwance yake.

Kai garkuwa ce guda. A tsakiyarta akwai tudun goshi da masana ke kira gilabela, ƙarƙashinsa tumbin dabbar yake. Gefe da gefe kunci ne, kuma kowane kunci ya rabu biyu: wanda ke manne da tudun, da wanda ke ɓallewa. Tsakaninsu akwai siririn layi kamar ɗinkin tela, yana ratsawa ta saman ido. Ta nan ɓawon ke buɗewa idan dabbar za ta yi saɓa. Wannan layin yana da muhimmanci ga mai saye, domin yawancin abin da ake haƙowa saɓa ce da dabbar ta yar, ba gawarta ba, kuma saɓa kan rasa kuncin nan biyu. Bayan kai sai gangar jiki, jerin gaɓoɓi da ke hawa kan juna kamar kwanon rufi, kowace gaɓa da zobe a tsakiya da haƙarƙari biyu. Wutsiya kuma gaɓoɓi ne da suka haɗe suka zama faranti ɗaya. Bakin ɓawon ya lanƙwasa ciki kamar kalmasar riga, kuma ƙarƙashin goshi akwai wani ɗan faranti mai tauri kusa da baki.

Ɓawon baya da wannan ɗan faranti ne kaɗai suke da ma'adinin kalsait mai tauri. Ƙafafu da gashin-baki masu shinshina da duk abin da ke ciki masu laushi ne, suna ruɓewa. An san siffarsu ne daga wurare ƙalilan: duwatsun Burgess a Kanada, wani shimfiɗin dutse a jihar New York inda ƙafafun wani nau'i mai suna Triarthrus suka zama ma'adinin fairait, duwatsun Fezouata kusa da Zagora, da kuma waɗanda tokar aman wuta ta binne a tsaunukan Atlas, da Abderrazak El Albani da abokan aikinsa suka bayyana a 2024. Saboda haka idan aka miƙo maka baƙin tirilobait a dutsen farar ƙasa da ƙafafu reras, mayar masa da kayansa. Dogayen abubuwan da ke fitowa daga gefen wasu nau'o'in ƙayoyi ne na ɓawo, ba ƙafafu ba.

Kafin a zo kan kaya ɗaya-ɗaya, sai an san yadda ake fito da su. A tsaunuka irin su Issoumour da Mrakib, mahaƙa suna bin shimfiɗin dutse guda ɗaya a gefen tsauni, suna haƙa rami mai tsawo, suna fasa kowane dunƙule da guduma. Dutsen Debon yana da tauri, ba ya buɗewa a kan dabbar, sai dai ya ratsa ta. Abin da mahaƙi ke nema shi ne siririn baƙin layi a fuskar fashewar, wato ɓawon da aka yanka. In ya gan shi, sai a haɗa ɓangarorin da gam, a kai wa mai sassaƙa ya bi daga sama yana cire dutse har ya iso ɓawo. Ma'anar wannan ita ce tirilobait na gaskiya daga wannan dutse kusan kullum yana da tsaga da aka ɗora, wadda ta ratsa dabbar ta ci gaba cikin dutsen da take kai. Sabon mai saye yakan ga tsagar ya ce kaya ya lalace. Tsagar nan shaida ce. Abin tsoro shi ne tsagar da ta zo ta dutse, ta iso jikin dabbar ta ɓace, sannan ta sake fitowa a ɗaya gefen: an ɗora dabbar ne daga baya.

Masu manyan ido, dangin Phacops, su ne Reedops da Austerops da Morocops da babbansu Drotops megalomanicus, wanda kan wuce tsawon tafin hannu. Nan ya kamata a daɗe, domin idonsu ne ya sa suka fi aminci. Yawancin tirilobait suna da ido mai ƙananan ƙwayoyi a matse, wani lokaci dubbai, da fata ɗaya ta rufe su duka, ba ka ganin komai sai da madubi mai ƙarfi. Dangin Phacops da 'yan uwansu na kusa kuwa kowace ƙwayar idonsu babba ce, tana zaune a gurbinta, da bango tsakaninta da maƙwabciyarta, kuma ba sa wuce ɗaruruwa kaɗan. Ƙwayoyin kalsait ne zalla, an jera su layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sau da yawa layi 18 ko kusa da haka, layukan tsakiya sun fi tsawo, na gefe suna gajarcewa. A 1975 Euan Clarkson da Riccardo Levi-Setti suka nuna cewa a wasu nau'o'in kowace ƙwaya hawa biyu ce, tsarin da ke gyara karkatar haske.

Ɗauki madubin ƙara girma sau 10, irin na masu gyaran agogo, ka duba idon ta gefe da haske. A na gaskiya za ka ga ƙwayoyin a zagaye, sumul, a jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, wasu sun ɗan fashe, wasu sun zube sun bar gurbi. A wanda aka zuba da roba, ƙwayoyin kan narke cikin juna, ko ka tarar da ƙananan ramukan kumfa, domin iska takan maƙale a lungunan abin zubi. A wanda aka yi wa kwaskwarima da hannu, za ka ga an huda ɗigo-ɗigo da allura, ramuka ne a madadin tudu, kuma layukan ba su tafi daidai ba. Gwada ido biyu: adadin layukan dama da na hagu ya kamata su zo ɗaya ko kusa.

Sai ƙirga gaɓoɓi. Baligi a dangin Phacops gaɓa 11 yake da ita, babu daɗi babu ragi. Ka sa tsinke ka ƙirga zobban tsakiya daga bayan wuya zuwa inda wutsiya ta fara, ka kula kada ka haɗa da zoben wuya, domin na kai ne. Idan ka sami 9 ko 13 a miƙaƙƙen Drotops, an haɗa kan wani da wutsiyar wani, an cike tsakiya. Wani lokaci gaɓa ɗaya kan shige ƙarƙashin kai idan jikin ya ɗan tanƙware, don haka 10 ba hukunci ba ne sai ka leƙa ta gefe.

Da yawa daga cikinsu a dunƙule ake samun su, kamar bushiya ta ji motsi. Gaɓoɓin suna zamewa kan juna, bakin wutsiya ya shiga wani kwari da ke ƙarƙashin kai ya kulle. Dunƙulallun sun fi arha, kuma ga mai koyarwa sun fi amfani, domin ɗalibi zai juya shi a hannu ya ga yadda sassan suka haɗu. Mai yin jabu ma ba ya cika wahalar da kansa a kansu, kuɗin bai kai ba.

Illar wannan kaya ba jabu ba ce, gaggawa ce. Mai sassaƙa da ƙusa da ƙaramar guduma yana barin fararen tabo a ɓawo, yana share ƙurajen da ke kan goshi, sannan a shafe ɓarnar da baƙin fenti ko man takalmi. Wanda aka yi da alƙalamin ƙarfe mai aiki da iska, aka ƙarasa da na'urar fesa gari mai laushi, yana fita da ƙurajensa ɗaya-ɗaya. Bambancin farashinsu ninki ne, kuma ya cancanta.

Masu ƙayoyi su ne ke jan ido a hoto. Dicranurus monstrosus yana da ƙaho biyu da suka tashi daga bayan kai suka murɗe kamar na rago. Psychopyge yana da dogon takobi a goshi. Walliserops, wanda aka fi samu wajen Foum Zguid, mashi mai baki uku ne a gabansa, kuma a 2023 Alan Gishlick da Richard Fortey suka kawo hujjar cewa da shi suke karo da juna. Erbenochile kuma idonsa dogo ne kamar hasumiya, da 'yar rumfa a samansa mai kare haske. Duk waɗannan halittu ne na gaskiya, ko da yake da aka fara ganin wasunsu a kasuwa an ɗauka ƙirƙira ce.

Matsalar ita ce kowace ƙaya a cikin dutse take. Mai sassaƙa yakan karya ta da gangan, ya ajiye, ya tsabtace jikin, ya fito da ƙayar daga nata guntun dutsen, sannan ya mayar da gam. Aiki ne na makonni. Don haka ɗigon gam a gindin ƙaya ba laifi ba ne. Laifi shi ne ƙayar da babu ita aka ƙera da roba, ko aka aro daga wata dabba. Ƙaya ta gaskiya tana sirancewa a hankali, launinta ɗaya da jiki, kuma sau da yawa tana da gaɓar ɗori biyu ko uku. Ta roba sumul take daga gindi har tsini, tana ɗan lanƙwasa in ka taɓa ta da tsinke. A Walliserops da ɗan uwansa Hollardops ka ƙirga harsunan da ke gefen wutsiya: biyar dama, biyar hagu. Kada kuma ka ƙi Walliserops don ƙayar bayan kansa ta karkace gefe guda, haka halittar wasu nau'o'insa take. Mai kyau daga cikin waɗannan ɗaruruwan dala ne, wasu dubbai. Idan aka yi maka tayinsa a kuɗin abincin rana, ka riga ka san amsar, musamman idan ka ga guda shida a jere masu kwanciya iri ɗaya da tabo a wuri ɗaya. Abin zubi ɗaya ya haife su.

Manyan rawaya na zamanin Kambiriyan, Acadoparadoxides da Cambropallas daga yankin tsaunin Ougnate, nan ne kwaskwarima ta yi gida. Acadoparadoxides kan kai santimita 30 ko fiye, da faffaɗan kai, gaɓoɓi masu yawa da 'yar mitsitsiyar wutsiya. Dutsen da suke ciki mai laushi ne, yana farfashewa, kuma yawancin Acadoparadoxides saɓa ce marar kunci. Kasuwa kuwa cikakke take so. Sai a gina kuncin da dogayen ƙayoyin gefe da ciko, a zana haƙarƙarin da ya ɓata, a shafe duka da rawayan fenti mai kama da tsatsa. A Acadoparadoxides nemi layin ɗinkin fuska: idan kunci ya haɗe da kai sumul babu layi, hannu ne ya gina shi. Sashen gaskiya yana da ƙananan tsaga da ɓantarewa, sashen ciko kamar shafen siminti yake. Don adon bango ba laifi, in farashin na ado ne. Don koyarwa bai dace ba, yara za su haddace jikin da mai ciko ya ƙaga.

Flexicalymene masu ruwan ƙasa da ake tarawa a kwando, na zamanin Odobishiyan, su ne mafi arha. Yawanci ɓawon ya tafi, cikon laka ne da ya daskare a cikinsa, don haka ba za ka ga ƙwayar ido ba. Gaɓa 13 ce. Tudun goshi kamar ƙararrawa yake, da ƙulli uku a kowane gefe. Dutsen na gaskiya ne, sai dai sau da yawa kai da wutsiya ba na dabba ɗaya ba ne: duba ko faɗin kunyar tsakiya ya yi tsalle a wani wuri, ko launi ya canja kwatsam. In ka sami wanda ke cikin dunƙulensa da murfinsa, murfin ya zauna daram, ɗauki wannan.

Rashin ido shi kaɗai ba alamar jabu ba ce. Onnia makauniya ce tun asali, gaɓa 6 gare ta, da faffaɗan baki mai ramuka kamar mataci kewaye da kai.

Farantan da aka jera nau'i biyar ko goma a kan dutse ɗaya kamar tiren biki, a bar su. Kowace dabba an fafe mata gurbi an dasa ta, an rufe bakin da garin dutse da gam, an bi da zanen cizal don ɓoye ɗinkin. Har akan haɗa na Kambiriyan da na Debon, waɗanda fiye da shekara miliyan 100 ke tsakaninsu. Tarin gaskiya yana nan, amma yawanci nau'i ɗaya ne ko biyu, wasu a kife, wasu a karye, suna hawa kan juna.

Kayan gwaji ba su da yawa. Bayan madubi, tocila mai hasken UV irin ta duba jabun kuɗi tana nuna ciko, domin roba da gam suna haskawa daban da ɓawo. Kalsait ma kan ɗan haska, don haka abin nema shi ne faci mai iyaka wanda haskensa ya bambanta da kewayensa. Auduga da ɗigon asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, tana ɗebe fenti: idan audugar ta yi baƙi an shafa wani abu. A yi hattara, asiton yana narkar da gam ɗin da ke riƙe ƙayoyi, kada a kai shi kusa da su. Allura mai zafi tana nutsewa a roba da warin ƙuna, ba ta yi wa dutse komai, amma tana barin tabo, sai bayan an saya kuma a ɓoyayyen wuri. Dutse yana da sanyi a leɓe, roba ba ta da shi, kuma in ka ƙwanƙwasa a haƙori a hankali dutse ƙara yake yi, roba kuwa shiru. Ruwan tsami ba ya raba gardama, tun da dutsen da aka ɗora jabun a kai shi ma farar ƙasa ce, zai yi kumfa. Juya kayan ka duba ƙasansa: layin da ya kewaye dutsen a kwance, launin sama daban da na ƙasa, yana nufin an zuba saman ne aka manna.

Masu shagunan sun bambanta. Waɗanda ke sassaƙa da kansu, musamman a Alnif, sukan nuna maka dunƙulen da ba a gama ba, su faɗi tsaunin da shimfiɗin da aka haƙo shi, su nuna inda aka yi ciko in ka tambaya kai tsaye. Tebura na bakin hanyar masu yawon buɗe ido zuwa Merzouga sun fi yawan roba, kuma sau da yawa mai sayarwar shi ma sari ya yi, bai san abin da ke hannunsa ba. Ciniki dole ne, kamar kowace kasuwa. A intanet, nemi hoton ido na kusa, hoton ƙasan dutse, da bayanin yawan gyaran da aka yi. Wanda ya turo hoto ɗaya daga nesa ya ƙi ƙarawa, a wuce shi. Wanda kuma ya ce tirilobait ɗinsa daga Ashaka ko Sakkwato aka haƙo shi, ya yi kuskure ko ya yi ƙarya. Duwatsun wuraren suna da halittun teku da suka zama dutse, irin su dodon-koɗin amonait na Ashaka, amma sun samu ne shekaru miliyoyi masu yawa bayan tirilobait na ƙarshe ya mutu.

Takardar da ke tare da kaya rabin darajarsa ce: sunan nau'i, wurin haƙa, shimfiɗin dutse, zamani. Rubuta su tun kana shagon. Wajen ɗauka, masu manyan ido da dunƙulallu takarda mai laushi da ƙaramin kwali sun ishe su. Masu ƙayoyi kuwa kada a naɗe su da auduga ko tsumma, zaren yana kama ƙaya ya ɓalle ta lokacin buɗewa. Ana ɗaure dutsen ne a gindin akwatin roba da sukurori ko gam mai zafi, a bar dabbar tsaye a cikin iska babu abin da ke taɓa ta, sannan a sa akwatin a jakar hannu.